Uwar Jirgin Genzo

Fusako ta soka wuƙa a cikin ika na ƙarshe da ya rage a kwandonta, kifin nan mai hannaye da yawa da baƙar tawada, ta tsaga shi, ta zare kayan cikin da babban yatsa, ta wurga shi kan 'yan uwansa. Rana ko gama leƙowa daga bayan dutse ba ta yi ba, amma aikin yini ya ƙare. Jiragen ƙauyen Nagiura kaf sun kwana a teku da fitilu a kunne suna ƙona mai, abin da kuwa suka sauke a kwata, matsayar jirage, bai kai a tashi mata huɗu daga barci saboda shi ba.

"To, mun yi arziki," in ji Matsuyo, tana goge baƙar tawadar ikan a jikin rigar robarta. "Wannan ko kyanwar gidana na kai wa sai ta tambaye ni ina saura."

Matan suka kwashe da dariya, ban da Fusako. Ita hankalinta yana kan wayar da ke aljihunta. Jiya da yamma aka kira ta daga wani asibiti a Osaka, aka ce yayarta Tokiko ta daina cin abinci, kuma likita ya ce duk mai son ya same ta tana gane mutane ya taho yanzu. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Tokiko ce ta goya ta, ita ce kuma ta rako ta wannan ƙauye ranar aurenta, tana kuka tana toshe hanci wai garin warin kifi yake.

"Na ji an ce jikin Yaya Tokiko ya yi tsanani," in ji Matsuyo, ta karya wuya ta saisaita murya. "Sannu, 'yar uwa. Kash, da ba lokacin kamu ba ne ai da kin je."

Ba wanda ya nemi ƙarin bayani a rumfar gyaran kifin. A Nagiura jirgi ba ya shiga ruwa sai da uwa. Ranar da aka gama haɗa shi, masassaƙi zai shiga ɗakin tuƙi shi kaɗai, ya sa 'yan tsabobi da 'yar tsanar takarda da tufkar gashin mace a wani ɗan akwatin katako, ya buga ƙusa. Matar da aka yanki gashinta ita ce uwar jirgi. Kifin farko na kowace shekara nata ne, ranar bikin teku kuma maza su rusuna mata, iyakar ladan ke nan. Abin da ke kanta shi ne, muddin jirgin yana fita kamu, ba ta kwana a wajen ƙauyen. Mazan da suka shimfiɗa wannan doka sun mutu tun kafin a kawo lantarki, amma jikokinsu masu na'urar hango kifi da waya a aljihu sun riƙe ta da hannu biyu. Me zai hana? Ba ƙafarsu ta taka ba.

Fusako tana amarya aka yanki nata aka sa a jirgin mijinta Genzo. Da ya sayar da na katakon ya sayi na zamani, akwatin aka ciro aka mayar, kamar yadda ake ɗauke tukunya in an sake gida. Mahaifiyarta ta rasu a tsakiyar lokacin ika, sai da sanyi ya shigo aka ɗaure jirage sannan ta je, ta tarar an riga an ƙona gawar, sai toka a tulu. 'Yarta Miho ta haihu a birni, a waya ta ji kukan jaririyar.

Ba don ba ta da baki ba ne. Akwai wata Yasue da ta taɓa gwadawa, ta tafi bikin ƙanwarta na kwana ɗaya, a daren jirgin mijinta ya kife a bakin tsibiri. Cewa mijin mashayi ne, kuma ya fita ne bayan rediyo ya ce kada kowa ya fita, wannan duk garin ya manta. Har yau in Yasue ta shigo kanti sai hira ta mutu. Fusako takan raina dokar nan da rana, ta yi mata tsaki, amma in iska ta taso da dare tana kwance ita kaɗai, tsoronta take ji har cikin ƙashi, kuma tana jin haushin kanta saboda haka.

Jiya wajen cin abinci ta gaya wa Genzo maganar asibitin, yana shirin fita. Jikarsu Koharu, 'yar Miho, tana zaune tsakaninsu tana tsince ƙaya daga kifinta. Shekararta goma sha ɗaya, tana hannunsu tun da iyayenta suka rabu, kafin uwar ta samu ɗakin da zai ɗauke su biyu a birni.

"Tokiko ai ta san ko ke wace ce," in ji Genzo, bakinsa cike da shinkafa. "Za ta jira."

"Ta jira? Ka ji kuwa abin da likita ya ce?"

"Likitoci ba abin da ba sa cewa. Miƙo min miya."

Ta miƙa masa miyar. Ta kwana tana juya maganar, kafin asuba ta samo ƙofa ɗaya, ƙofar wulaƙanci. Dokar ta yarda a canza uwar jirgi in sa'arta ta mutu. A ciro gashin mace a bainar jama'a a miƙa mata kayanta, wannan abin kunya ne da ake yi wa mace gori da shi har jikokinta. Fusako ta auna, ta ga kunyar ba ta kai nauyin Tokiko ba.

Don haka yanzu, tana ɗauraye wuƙarta a bakin famfo, ta yi ajiyar zuciya yadda kowa zai ji.

"Ni fa na fara zargin kaina," ta ce. "Shekara uku ba kamu. Anya ba gashin nan nawa ne ya tsufa ba?"

Matsuyo ta dafe ƙirji. "Haba Fusako! Wace irin magana ce wannan? Kada ki ƙara faɗa, wani ya ji."

Ko hannu ba ta tsaya ta wanke ba. Ta fita da sauri wai ta bar tukunya a wuta, alhali gidanta yana hagu, ita kuwa dama ta yi, wajen da maza suke. Ƙungiyar masunta ta kashe kuɗi ta kafa lasifika a kan kwata, amma har yau ba ta taɓa riga Matsuyo isar da labari ba.

Mazan suna inda suke kullum, a jere kan katangar da ke tare igiyar ruwa, sun cire takalman roba suna shan taba suna yi wa teku fassara. Bara wani saurayi ya zo daga ofishin binciken ruwa da taswirori, ya nuna musu cewa tekun ya yi ɗumi, ika ya ƙaura arewa. Suka saurare shi da ladabi, suka ba shi shayi, suka raka shi har mota. Yana ba da baya suka koma neman wanda ya jawo musu. An zargi sabuwar gadar da aka gina, an zargi wani baƙo da ya yi fito a kan kwata, an zargi limamin ɗakin bauta da rage addu'a. Mace ce kawai ba a kai ga zargi ba, saboda kowannensu yana tsoron a fara da tasa.

Fusako ta ba Matsuyo lokaci ta gama aikinta, sannan ta ɗauki butar shayi ta nufi katangar. Ta tarar Kumao, mijin Matsuyo, ya riga ya hau kan maganar.

"Ba ni na faɗa ba, Genzo, matarka ce da bakinta. Kuma ka duba, jirginka ne babba, kai muke bi. In uwar na gaba ta gaji, mu na baya me za mu kama?"

"Jirgina bai taɓa rasa mutum ba," in ji Genzo, fuska a ɗaure.

"Bai rasa mutum ba, ya dai rasa kifi."

"Ko igiya ai ana sakewa," in ji wani tsoho daga ƙarshen layi. "Gashin da aka yanka tun ina da haƙora!"

Aka yi dariya, sai aka ga Fusako a tsaye, dariyar ta koma tari. Ta zuba wa mijinta shayi, ta miƙa masa da hannu biyu kamar yadda ta saba.

"Baban Miho, a canza," ta ce. "Ni na yafe."

Genzo ya dube ta ta saman kofin. Ba wawa ba ne, in dai ba a kan teku da mata ake magana ba.

"Ke dai Osaka kike so."

"Ina so. Kai kuma ika kake so. Ga yayarka Umeno nan, ko kanti ba ta iya zuwa balle ta kwana a wani gari, kuma tun ina amarya take hararar kifin farkon da ake kawo min. A ba ta, kowa ya huta."

Ya kurɓi shayin, ya dubi abokansa ɗaya bayan ɗaya, ya ga duk sun zuba masa ido. Abin da roƙon matarsa bai yi ba a dare guda, idon maza shida ya yi kafin shayi ya huce.

"Je ki gaya wa Baba Tsuru," ya ce. "A yi yau, kafin mu fita."

Baba Tsuru masassaƙin jirgi ne da rabonsa da sassaƙa jirgi tun da aka fara kawo na roba daga masana'anta. Yanzu gyaran ƙofa yake yi da ƙafar kujera, sai kuwa aikin akwatin uwar jirgi, wanda ba mai taɓawa sai shi, ladansa kwalbar giyar shinkafa babba. Ta same shi a rumfarsa yana barci a zaune, rediyo na yi wa kansa magana.

"Canji?" ya ce, ido ya buɗe tar. "Ke da kanki kika zo kiran a cire ki? Tabɗi. Na yi aikin nan sau da yawa, 'yata, kullum sai an riƙe matar."

"Ni ba sai an riƙe ni ba, Baba."

"To gashin wa za a sa?"

"Wannan kuma sai mai jirgi."

"Ki ce masa babbar kwalba fa. Wancan karon Kumao ƙarama ya kawo, ga shi nan har yau yana kamun takalma."

Ta koma gida ta jawo jakar tafiya daga saman kabad, ta kakkaɓe ƙurar. Ta sa kaya kala biyu, da busasshen ika na bara wanda Tokiko take zagi amma take cinyewa. Ta daɗe a tsaye da baƙar rigar makoki a hannu, sannan ta naɗe ta ta cusa can ƙasa, ta ji kamar ta ci amanar yayarta. Ta kira asibiti ta ce a gaya wa Tokiko ƙanwarta tana hanya, za ta hau bas ɗin yamma ta kama jirgin ƙasa. Ma'aikaciyar ta ce za ta faɗa mata a kunne, tana ji har yanzu. Fusako ta ajiye wayar tana murna irin wadda ta manta yadda take. Ta ƙwala wa Koharu kira don ta nuna mata abin da za ta dafa wa kakanta, ba amsa. Takalman yarinyar ma ba sa bakin ƙofa.

Da rana ta karkata ta ɗauki jakarta ta gangara kwata. Garin duka yana can. Mutanen da ba sa fitowa ko gobara ake yi sun fito, har da kujerun ninkewa. Matan sun tsaya gefe guda da fuskar tausayi, irin wadda ake sawa in an zo kallon abin da za a yi shekara ana ba da labari. Jirgin Genzo yana ɗaure a wurinsa na gado, kusa da matakala, fari mai shuɗin layi, fitilunsa jere a sama kamar ƙwai a faranti.

Baba Tsuru ya sa farar riga, ya watsa gishiri a kan jirgin, ya shiga ɗakin tuƙi ya ja ƙofa. Aka ji ƙarar zare ƙusa. Can ya fito da ɗan ƙunshin takarda da ta yi ja don tsufa, ya sauko ya miƙa wa Fusako da hannu biyu, kansa a ƙasa.

Ta buɗe. Gashi ne baƙi wuluk, mai kauri, ɗaure da jan zare, ko ɗaya bai canza ba. Ta tsaya tana kallon gashin yarinya 'yar shekara ashirin da uku da ba ta san komai ba, wadda ta yi ta murmushi ranar da aka yanka saboda an ce mata girma ne. Tausayin yarinyar nan ya kama ta. Matan suka ga idonta ya cika, suka gyaɗa wa juna kai, sun samu abin da suka zo nema.

Ta rufe takardar, ta duba cikin taron tana neman Umeno. Ba ta gan ta ba.

"Kaka! Kaka, dube ni!"

Koharu ce a zaune kan akwatin kifi da aka kife aka shimfiɗa wa farin ƙyalle. An sa mata rigar biki, an taje gashinta ya zubo har gadon baya. Matsuyo tana tsaye a bayanta da almakashi.

"Ni ce zan zama uwar jirgi! Kaka Genzo ya ce kifin farko nawa ne, kuma ranar biki har shugaban ƙungiya sai ya rusuna min!"

Fusako ta ajiye jakar a ƙasa a hankali. Ta juya wajen mijinta.

"Ina Yaya Umeno?"

"Umeno ta girme ki da shekara nawa?" in ji Genzo. "In cire tsoho in sa wanda ya fi shi tsufa? Ke ma dai."

"Gashin yarinya ai shi ne gashi," in ji Kumao. "Kakana ya ce a zamaninsu in aka sa na yarinya, ika har tsalle yake yana shiga jirgi da kansa."

"Kakanka a kwata ya mutu da bashin taba, Kumao, rufe mana baki." Fusako ba ta ko dube shi ba. "Baban Miho, uwarta ta sani?"

"Jirgin uwarta ne?"

"Da bazara za ta zo ta ɗauke ta. An riga an yi maganar makaranta a birni."

"Akwai makaranta a bayan dutse, bas na zuwa. Da sanyi in an ɗaure jirage ta je wajen uwar ta yi wata biyu, wa ya hana ta? Ke ba haka kika yi ba? Me ya same ki?"

Ya yi tambayar ne da zuciya ɗaya, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Mutumin nan da ta wanke wa kaya masu ƙarni shekara da shekaru, ya dube ta sama da ƙasa bai ga abin da ya same ta ba.

"Ke kika ce a canza," ya ƙara. "An canza. Ga bas ɗinki can zai zo, je ki."

Gaskiyarsa ne, ƙofa a buɗe take. Ba wanda zai tare ta, ba wanda zai kashe hira in ta shigo kanti. Ta dubi Koharu, yarinyar tana ta wasa da ƙafafu a kan akwatin, baki har kunne.

"Kawo almakashin nan, Matsuyo. Ni kakarta ce, ni zan yanka."

Matsuyo ta miƙa mata da rawar jiki, don wannan ƙari ne a kan labarin. Fusako ta karɓa, ta kai hannu bayan kanta ta zare tsinken da ke riƙe da nata gashin. Ya warware ya zubo, fari fat, har kugu. Rabon da wani a garin ya gan shi a sake tun tana jego. Ta kama cikin hannu guda daga gefen kunne, ta datse shi daga tushe, ƙarar almakashin ta fito sarai don ba mai ko tari.

Ta miƙa wa Baba Tsuru.

"An ce sabo ake so. Ga sabo, yanzu aka yanka, da ɗuminsa."

Tsohon ya karɓa don ba yadda zai yi, ya tsaya yana juya shi a hannu.

"Ai ba a haka!" in ji Kumao. "Baba, ana haka?"

Nan fa gardama ta kaure. Wani ya ce dole sai wata mace daban, wani ya ce a'a, gashin ne ke mutuwa ba matar ba, wani ya kawo labarin jirgin kawunsa da ba wanda ya taɓa ji. Dattawa masu furfura suka dage suna jijiyar wuya a kan dokar da ba wanda ya san farkonta. Baba Tsuru ya dubi rana, ya dubi kwalbarsa da ke ajiye a kan matakala.

"Ni dai abin da ubana ya koya min," ya ce, "gashin da aka fara miƙo wa masassaƙi shi ke shiga. Ba a mayar da shi."

Ko ubansa ya taɓa faɗin haka, ko ƙishi ne ya faɗa, oho. Ya hau jirgi ya ja ƙofa, aka ji guduma.

Koharu ta diro daga kan akwatin, fuska jage-jage da hawaye.

"Baƙin ciki kike min! Ke kin ci naki shekara da shekaru, ni sau ɗaya ma ba za ki bari ba! Ba na son ki!"

Ta fizge farin ƙyallen ta yar, ta ruga gida. Maganar ta soki Fusako fiye da duk abin da aka faɗa a ranar, amma ba ta bi ta ba.

"Ashe dai kifin farkon nan da daɗi," Matsuyo ta raɗa wa ta kusa da ita, raɗar da aka ji har kan katanga. "An zo sakin sa an kasa."

Genzo ya yi tsaki, ya soma kwance igiyar rufin injin. Shi a wurinsa magana ta ƙare, an ɓata masa yamma a banza, matarsa ta dawo inda take. Sai ya ga ta sunkuya ta ɗauki jaka.

"Ina kuma za ki?"

"Osaka."

Ya saki igiyar. "Gashinki yana ciki. Yanzu aka buga ƙusa, kina ji."

"Na ji. Jirginka yana da uwa, uwar ta tafi ganin yayarta. Ka ɗaure shi har in dawo."

"Ki ce me?"

"Ka ɗaure shi. In ba ka fita ba, ba abin da zai same ka. Kwana biyu ko uku a kan tabarma ba zai kashe ka ba, abin da kake kamowar ma bai biya kuɗin mai."

Ba ta taɓa gaya masa magana irin wannan a ɗaki ba, balle a gaban gari.

"Fusako, in kika taka bas ɗin nan..."

Ta jira ya ƙarasa. Bai ƙarasa ba, don bai taɓa buƙatar sanin ƙarshen wannan magana ba. Ta ɗaura ɗankwali a kan gashinta da ya zama gefe dogo gefe gundul, ta ratsa ta tsakiyar mutane. Suka dare mata kamar mai cuta.

Tashar bas tana saman gari, gaban kantin da ya rufe. Tana tsaye ita kaɗai sai lasifikar ƙungiya ta yi ƙara, muryar sakatare ta fito tana sarƙewa don zumuɗi. Wani jirgi daga garin gaba ya yi waya, ika ya shigo bayan tsibiri, garke guda, irin wanda ba a gani ba shekara uku. Kowa ya shirya.

Duk dararen duniya sai yau. Ta hango Genzo a zuci yana zaune kan katanga shi kaɗai, jirginsa a ɗaure, yana kallon fitilun Kumao da sauran suna cika ciki. Zai ji ciwon nan har ya mutu, kuma ita ta jawo masa. Duk haushinsa da take ji, sai da ta tausaya masa. Har ta ɗaga jakar ta yi taku biyu wajen gangara, sai bas ya ɓullo daga kwana. Ta tsaya, ƙofa ta buɗe, ta hau.

Ita kaɗai ce fasinja. Ta zauna a bayan direba, wajen taga, ta rungume jakar a cinya. Bas ya kama hawan dutse yana nishi, a kwana ta biyu garin ya bayyana a ƙasa gaba ɗaya, rufin gidaje da rumfar gyaran kifi da 'yar kwatar da katangarta ta rungume. Jiragen sun riga sun kwance, suna turereniya wajen mafita, hayaƙi na tashi. Ta kai ido wajen matakala don ta ga farin jirgin a ɗaure.

Wurin wayam.

"Kai, tsohon nan akwai zafin nama," in ji direban, yana leƙe ta gefen ido. "Wancan na gaba mai shuɗin layi ba na maigidanki ba ne, Inna? Ya ba su rata tun kafin su tada inji."

Ta gan shi. Ya riga ya wuce bakin katanga, ya miƙe wajen tsibiri yana tsaga ruwa, sauran suna bin sa a baya kamar kullum.

"Nasa ne," ta ce.

Ta jira tsoron ya zo, wanda yakan shaƙe ta in iska ta taso. Ya zo, amma kaɗan, abin da ya biyo bayansa ya fi shi girma, baƙin ciki ne tsantsa. Shekara talatin da takwas ta zauna don kada ya shiga teku ba ta gari. Shi bai iya zaman dare ɗaya ba.

Bas ya sha kwana, dutse ya rufe tekun. Fusako ta gyara ɗankwalinta, ta matso gaba.

"Ɗana, taka motar nan," ta ce. "Kada jirgin ƙasa ya tafi ya bar ni."